Uwargida, Ga Yadda Ake Yin Boga A Gida Da Miyar Attarugu

 Yau za mu shiga madafa ne da wani abinci wanda ba na iyayenmu ba ne, ba kuma na kakanninmu ba, amma ya riga ya shigo gari ya sami wurin zama, har yaranmu sun san sunansa tun kafin su san sunan waɗansu miyoyinmu na gargajiya. Ina nufin boga, watau naman nan da ake niƙawa, a mulmula, a faɗaɗa, a gasa, kana a sa shi tsakanin ɓari biyu na burodi.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne wata 'yar rigima da aka yi a gidan maƙwabciyata kwanakin baya. Maigidanta ya dawo daga aiki da tsarabar boga guda huɗu, yara suna ta murna, sai wani jikan gidan da ke makarantar sakandare ya karanta abin da aka rubuta a jikin takardar, ya ce wa Hajiya, surukar maƙwabciyar tawa, ai kalmar "ham" da ke farkon sunan a Turanci naman alade take nufi. Hajiya ba ta tsaya jin ba'asi ba, ta sa aka kwashe duka aka zubar, aka wanke faranti da toka da sabulu. Yara suka kwana suna kuka, maigida ya kwana yana fushin kuɗinsa, ita kuwa maƙwabciyata da ba ta ci ba ba ta sha ba, ita aka bari da rarrashin kowa. Da safe ta shigo wurina tana tambaya ko da gaske ne.

To, yaron bai yi ƙarya ba. "Ham" a Turanci cinyar alade ce da aka adana da gishiri. Sai dai sunan hamboga ba daga nan ya fito ba. Daga Hamburg ya fito, wani babban birni mai tashar jiragen ruwa a arewacin Jamus. A bakin Jamusawa, mutum ko abin da ya fito daga Hamburg shi ake kira haka, kamar dai yadda mu muke cewa Bakano ko Bakatsine. A ƙarni na 19 Jamusawa masu yawa sun bi ta wannan tasha sun yi ƙaura zuwa Amurka, sai gidajen abinci na birnin New York suka riƙa sayar da niƙaƙƙen naman shanu da suke kira nama irin na Hamburg. A lokacin a faranti ake cinsa da cokali mai yatsu. Daga baya ne aka fara sa shi cikin burodi, kuma har yau garuruwa da dama a Amurka suna gardama, kowane yana cewa shi ya fara. Akwai wani ɗan ƙaramin gidan abinci mai suna Louis' Lunch a garin New Haven da ke cewa shi ya fara a 1900.

Abin da zai ba ki mamaki, su kansu Amurkawa sun taɓa ƙyamar niƙaƙƙen nama kamar yadda Hajiya ta ƙyamace shi. A 1906 wani marubuci mai suna Upton Sinclair ya fitar da littafinsa The Jungle, inda ya tona irin ƙazantar da ake yi a manyan mayankan birnin Chicago. Hankalin jama'a ya tashi, har a cikin shekarar aka kafa dokar duba nama. Mutane suka daɗe suna ganin duk naman da aka niƙa, to, akwai abin da ake ɓoyewa a ciki. Saboda haka da kamfanin White Castle ya buɗe a garin Wichita a 1921 yana sayar da boga a kan santi biyar, sai ya shafe ɗakunansa da farin fenti, ya sa wa ma'aikata fararen tufafi, ya kuma riƙa gasa naman a gaban mai saye don ya gani da idonsa. 'Yan'uwan nan biyu da suka kafa McDonald's a Kalifoniya a 1940 sun zo ne daga baya. Mu nan Nijeriya, da yawa daga cikinmu a Mr Bigg's muka fara ganinta, wanda ya buɗe a Legas a 1986.

Ke nan asalin hamboga naman shanu ne. Amma kada ki je ki ce wa Hajiya ta yi wauta, domin tsantsenin nata yana da madogara. A Jamus, irin wannan mulmulallen nama da suke yi a gida galibi rabi shanu ne rabi alade, haka ma mahauta suke sayar da shi a gauraye. A tsakiyar Amurka, musamman jihar Iowa wadda ta fi kowace jiha kiwon aladu, bogar naman alade zalla abinci ce da ake sayarwa a wuraren baje kolin manoma, kuma suna zuba mata miya mai yaji da zaƙi. Wannan abincinsu ne, su kuma ba su ɓoye sunansa ba. Wadda ta yi tafiya can, ko take da ɗa yana karatu can, sai a riƙa tambaya kafin a ci. Wanda ya fi ban tsoro shi ne wanda ba a faɗa ba. A watan Janairu na 2013 hukumar kula da lafiyar abinci ta ƙasar Ailan ta bayyana cewa ta gwada boga iri 27 da ake sayarwa a kantuna da sunan naman shanu. Ta sami ɓurɓushin alade a cikin 23, ko da yake a yawancinsu ɗan kaɗan ne ƙwarai, ta kuma sami na doki a cikin 10. A cikin guda ɗaya ma kusan kashi 29 cikin ɗari na naman doki ne. Abin ya bazu a ƙasashen Turai, aka yi ta kwashe kaya daga kantuna. In nama ya riga ya bi ta inji, ido ba ya iya rarrabe shi, hanci ma haka. Shi ya sa nake ganin ya fi miki ki sayi tsokarki da kanki, ki ga jininta da kitsenta, ki niƙa da hannunki.

Mu fara daga wurin mahauci, domin a nan ake gyara boga, a nan kuma ake ɓata ta. Kuskuren da mata suka fi yi shi ne su ce a yanko musu jan nama zalla, ba kitse ko kaɗan, a ganinsu shi ne mai kyau. In kin yi haka, abin da za ki sauke daga wuta zai bushe ya ƙeƙashe, yara su yi ta tauna kamar ganda. Ƙa'idar da masu wannan sana'a suke bi ita ce kashi huɗu tsoka, kashi ɗaya kitse. Watau in kilo ɗaya za ki yi, giram 800 na tsoka, giram 200 na kitse. Mu ma mun fi su bukatar kiyaye wannan, saboda shanunmu ba a ɗaure suke a ɗaki ana ɗura musu masara ba, tafiya suke yi suna kiwo, tsokarsu ta fi tauri, maiƙon cikinta kuma kaɗan ne. Amma Allah ya ba mu abin da shanun Turai ba su da shi, watau tozo. Ki ce wa mahauci ya yanko miki naman kafaɗa ko na wuya, ya haɗa miki da tozo. Kitsen tozo a cikin tsoka yake a saƙe, ba ya narkewa ya tsere gaba ɗaya, kuma ba ya daskarewa a dasashi kamar kitsen ƙoda. Kitsen ƙodan nan ki bar shi, ba na wannan aiki ba ne. In da so samu ne, giram 700 na kafaɗa da giram 300 na tozo, kin gama. Naman rago ma yana yi, musamman bayan Babbar Salla, sai dai ƙanshinsa ya fi ƙarfi, yana bukatar ƙarin tafarnuwa.

Ki je da sassafe, lokacin da nama ya iso daga kwata, kafin rana ta buge shi ƙuda su sauka. Da kin dawo gida, ki cire jijiyoyi da farin tantanin nan da ke manne da tsoka, ki yayyanka ƙanana kamar na tsire. In akwai wuta, ki sa a firiza na kamar rabin sa'a, ba don ya ƙanƙare ba, don dai ya ɗan sandare, saboda nama mai sanyi ya fi niƙuwa, kitsensa ba ya damewa ya zama kamar kunu. Mai injin niƙa nama, na hannu ko na lantarki, sai ta sa faifai mai manyan huda, ta niƙa sau ɗaya. Wadda ba ta da shi kada ta damu. Katako mai tsabta da wuƙa mai kaifi sun isa: ki yi ta sara, kina tattarowa kina juyawa, har ya zama tsaki-tsaki. Ni a wurina ma wannan ya fi daɗi a baki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kirɓawa a turmi har ya yi laushi luƙui, ko zubawa a bilanda. Wannan na ƙwallon nama ne da ake jefawa a miya. Boga tana son a ji ƙwayar nama.

Yanzu ga maganar da nake so ki riƙe ko da kin manta sauran. Ƙwayoyin cutar da ke kan nama a bayansa suke, inda wuƙa da hannu da tebur suka taɓa. Shi ya sa in an gasa gunduwar nama, wuta tana kashe su nan da nan, ko da cikin bai gama nuna ba. Amma da zarar an niƙa, na waje ya koma ciki, ya gauraye ko'ina. A farkon 1993 a yammacin Amurka, mutum fiye da 700 suka kamu da ciwo bayan sun ci bogar da ba ta gasu sosai ba a rassan gidan abincin Jack in the Box, yawancinsu yara. Ƙwayar cutar da ake kira E. coli ce, irin mai sa gudawar jini, wadda takan taɓa ƙoda. Yara huɗu suka rasu. Tun daga nan hukumomin can suka tsananta, kuma shawarar da suke ba mai dafawa a gida ita ce zafin tsakiyar niƙaƙƙen nama ya kai digiri 71 a ma'aunin Salshiyas, ko na shanu ne, ko na rago, ko na alade ga masu cinsa. Don haka in kin ga a talabijin Bature ya yanka boga cikinta ja-jawur yana yabawa, ki bar shi da abinsa.

Wannan dalili ne kuma ya sa ba na son kai nama injin kasuwa. Ba ki san naman wa aka niƙa kafin naki ba, ba ki kuma san tun yaushe ragowarsa take maƙale a ciki ba. In ya zama tilas, ki tsaya a wanke injin a gabanki da ruwan zafi, ki kuma dawo gida kai tsaye. Niƙaƙƙen nama ba ya son ya wuce sa'a biyu a waje, in kuwa zafin gari ya haura digiri 32, sa'a ɗaya ce. Ke ma kin san yadda Kano da Sakkwato da Maiduguri suke a watan Afrilu.

Haɗin ba shi da yawa. Amurkawa masu ra'ayin riƙau gishiri da masoro kawai suke sawa, suna cewa duk abin da aka ƙara ya ɓata ta. Wannan a kan namansu ne. A kan namu, ga kilo ɗaya, ki goga albasa matsakaiciya guda a abin goga kuɓewa, ki matse ruwan a tsumma mai tsabta, domin ruwan albasa shi ke sa nama ya wargaje a kasko. Ki daka tafarnuwa ƙwaya uku. Ki zuba masoro cokalin shayi ɗaya, garin citta rabin cokali, ƙwai ɗaya, da garin busasshen burodi rabin gwangwanin madara. Garin burodin nan ba don a ƙara auki ba ne, shi ke riƙe romon nama kada ya tsiyaye. Ki sa yatsu ki gauraya a hankali, kamar mai yin dambu, da zarar komai ya haɗu ki tsaya. Kada ki murza shi kamar kwaɓin fulawa. Gishiri kuwa ki ajiye shi tukuna. In kin cuɗa gishiri a ciki tun da wuri, yana narkar da wani abu a tsokar ya sa ta yi danƙo, in ta gasu sai ki ji tana tsalle a haƙori kamar roba. A bisa ake barbaɗa shi, daidai lokacin da za a ɗora a wuta. Cokalin shayi ɗaya da rabi ya ishi kilo ɗaya, in za ki sa dunƙule kuma sai ki rage.

Ki raba gida takwas. Ki ɗan shafa mai a tafin hannu, ki mulmula kowane, ki danne shi ya yi faɗi, kaurinsa kamar kaurin babban yatsanki, faɗinsa kuma ya ɗan ɗara na burodin, saboda zai tsuke a wuta. Sa'an nan ki sa yatsa ki ɗan lotsa tsakiyar. Gefe ya kan riga tsakiya tsukewa, in babu wannan lotsawa sai ta kumbura ta zama kamar ƙosai, latas da tumatir su yi ta zamewa. Ki jera a tire, ki rufe, ki sa a firiji rabin sa'a don su kama jikinsu. In babu wuta, kada ki ajiye, ki gasa nan take. Saboda haka ne nake ba ki shawara ki fara gama miya kafin ki taɓa nama.

Miyar nan ita ce inda hannunki zai nuna. Ta kanti galibi tumatirin kwalba ne mai sukari da mayonis, shi ya sa manyanmu suke cewa abin ba ya da armashi. Amma kuma ba miyar shinkafa za ki yi ba. Ana son ta yi kauri ta zauna a kan cokali, ta haɗa yaji da ɗan tsami da ɗan zaƙi, domin su ne suke yanke maiƙon tozo. Ki nemi tattasai huɗu jajaye, tumatir huɗu masu tsoka, attarugu uku, albasa biyu, tafarnuwa ƙwaya huɗu, ɗanyar citta kamar rabin yatsa, tsamiya sili uku, zuma cokali biyu na cin abinci, da man gyaɗa cokali huɗu. Tsamiyar ki jiƙa ta tun farko a ruwan ɗumi rabin kofi.

Ki ɗora tattasai da tumatir da attarugu a kan garwashi, ko a kan harshen wutar gas, kina juyawa har fatar ta yi baƙi-baƙi ta tashi. Ki zuba a kwano ki rufe minti goma, tururin zai sa fatar ta saɓule da kanta. Kada ki wanke su da ruwa bayan kin saɓule, ƙanshin hayaƙin nan shi muke nema. Na san aiki ne, kuma za a iya tsallake shi, amma wadda ta gwada sau ɗaya ba ta sake tsallakewa. Game da attarugu, mutane suna ɗauka a 'ya'yan ne zafin yake. A'a, yawancinsa a farar jijiyar nan yake da 'ya'yan suke manne a jiki, nan ne sinadarin kafsaisin ya fi taruwa. In kina son ƙanshin attarugu ba tare da ya tayar wa yara hankali ba, ki tsaga ki kankare farin da cokali. Kada ki raina shi: a ma'aunin zafin barkono da wani Ba'amurke mai suna Wilbur Scoville ya ƙirƙiro a 1912, dangin attarugu suna kaiwa daga 100,000 zuwa 350,000, alhali barkonon halafenyo da Amurkawa suke sa wa bogarsu suna fifita baki bai fi 8,000 ba. Wani abin dariya kuma, barkono duka daga nahiyar tasu ya fito, Turawan Fotugal ne suka yaɗa shi zuwa Afirka bayan 1492, mu muka karɓa muka fi su iyawa.

Ki jajjaga su a turmi tare da tafarnuwa da citta, kada ya yi laushi sosai. Ki yanka albasa ƙanana, ki zuba a mai, ki rage wuta, ki yi ta juyawa kamar minti goma sha biyar har ta yi laushi ta koma ruwan zuma. Nan ne ake gaggawa a ɓata. Albasar da ta soyu a hankali zaƙi take bayarwa, wadda ta ƙone kuwa ɗaci. Sai ki juye jajjagen, ki sa gishiri, kanumfari ƙwaya biyu dakakku, da ɗan masoro. Mai son daddawa ta sa kaɗan, kamar rabin ƙwarya ɗaya, tana tafiya da naman shanu sosai, amma in ta yi yawa sai ta koma miyar kuka. Ki bar shi yana dahuwa a buɗe har ruwan ya ƙone, mai ya taso. Sa'an nan ki tace ruwan tsamiya ki zuba, ki sa zuma, ki ƙara minti biyar. Ki ja cokali a gindin tukunya: in hanyar da ya bari ba ta rufe nan da nan ba, ta yi. Ki ɗanɗana. In tsami ya yi yawa ki ƙara zuma, in zaƙi ya rinjaya ki matsa lemun tsami. Ki sauke ta huce.

Na yara kuwa, ki ɗebi cokali ɗaya na wannan miya ki gauraya da cokali uku na kindirmo mai kauri ko mayonis na kwalba. Madara da danginta suna kwantar da zafin barkono, ruwa kuwa sai dai ya yaɗa shi a baki, don haka in yaro ya ɗebo na manya bisa kuskure, nono za ki ba shi. Mayonis da ake kaɗawa a gida da ɗanyen ƙwai ban ba ki shawararsa ga ƙananan yara da mai juna biyu ba.

Burodi, in akwai zagayayyen nan mai laushi a unguwarku, ki saya ki huta. In babu, ki kwaɓa fulawa rabin kilo da yis cokalin shayi biyu, sukari cokali biyu na cin abinci, gishiri cokalin shayi ɗaya, ƙwai ɗaya, bota cokali uku, da madara mai ɗumi kamar kofi ɗaya. Ki murza minti goma, ki rufe ya tashi ya ninka, ki raba takwas, ki mulmula, ki bari ya sake tashi, ki shafa ƙwai a bisa ki barbaɗa riɗi, ki gasa kamar minti 15 zuwa 18 a zafin digiri 190. Mai tukunya da yashi ma za ta iya, yadda muke gasa kek. Riɗin nan da kike gani a kan burodin Turawa kina tsammani wani abu ne, shi ne dai wanda ake nomawa a Jigawa da Nasarawa da Binuwai ana fita da shi waje. Yankakken burodi na shayi ma yana yi in an gasa shi, ba wanda zai kai ki ƙara.

Saura gashi. Kasko mai kauri na baƙin ƙarfe ya fi, domin yana riƙe zafi. Ki ɗora shi ya yi zafi sosai, har in kin yarfa ruwa ya yi tsalle ya ɓace. Ki shafa mai kaɗan, ba suyar ƙosai ba ce. Ki barbaɗa gishiri a kan naman, ki sa, gefen da kika lotsa yana sama. Kada ki cika kaskon, uku ko huɗu sun isa, in sun yi yawa zafi zai faɗi su fara fitar da ruwa, gashi ya koma dahuwa. Daga nan sai ki cire hannunki. Kada ki motsa, kada ki leƙa. Bayan minti huɗu zuwa biyar ƙasan zai yi ɓawo ja mai duhu, ya saki kasko da kansa, sai ki sa cokali mai faɗi ki juya, sau ɗaya tak. Kuma don Allah kada ki danne shi da cokali don ki ji yana cuwwa. Wannan ƙarar romon da kika sha wahalar tarawa ne yake ƙonewa. Ki ba ɗaya gefen minti huɗu zuwa biyar, sa'an nan ki rage wuta, ki rufe da murfi minti biyu don zafi ya ratsa tsakiya.

Mai ɗan ma'aunin zafin nama, irin mai tsinke, ta soka ta gefe har tsakiya ta ga 71. Yanzu ana samunsa a kantunan kayan girki, kuma ya cancanci kuɗinsa, domin launi kaɗai yakan yi ruɗi, wani naman yana rikiɗewa kafin ya nuna. In babu, ki sadaukar da guda, ki tsaga ta biyu: kada ki ga ja ko kaɗan, ruwan da ke fita ya zama garau, tsakiyar tana tururi. In kina shakka, ki ƙara minti biyu. Tozo zai rufa miki asiri, ba za ta bushe ba. A kan garwashi ma haka ne, sai dai ki jira harshen wuta ya mutu, garwashi ya yi farin toka, ki shafa wa ragar mai. Tiren da kika ɗauko ɗanyen nama a kai, kada ki mai da gasasshe a kansa, katako da wuƙa kuma a wanke da sabulu kafin su taɓa latas.

In kin sauke, ki bar su minti uku su huta, kina barbaɗa musu ɗan yajin ƙuli irin na masu tsire. A cikin wannan lokaci ki tsaga burodi, ki shafa man shanu, ki kifa a kaskon ya yi ja. Gashin nan shi ke hana miya jiƙa shi. Ki shafa miya a ɓarin ƙasa, ki shimfiɗa latas da kika wanke ganye-ganye da ruwa mai tsabta kika tsane, ki ɗora nama, ki ƙara miya cokali guda, sai tumatir yanka ɗaya, albasa zobe biyu, kokwamba in ana so, ki rufe. Kada ki yi gini, abin da baki ba zai iya kamawa ba a riga yake ƙarewa.

Maƙwabciyata ta yi nata ranar Asabar da ta wuce, ta kuma yi dabara: ta roƙi Hajiya ta zauna a tsakar gida ta taya ta cire jijiya, ta ga naman tun yana gunduwa har aka sare shi. Hajiya ta ci rabi, ta ce yaji bai ji ba, a ƙaro mata miya. Sunan dai har yanzu ba ta yarda da shi ba, wainar nama take ce mata.

In kin yi da yawa, ɗanyun da kika faɗaɗa ba sa wuce kwana biyu a firiji. A firiza kuwa, in kin sa leda tsakanin kowace biyu don kada su manne, suna kai wata uku, muddin wuta ba ta ɗauke har suka narke ba. Wanda ya narke ya kwana, kada ki mayar, kada kuma ki ci. Miyar ki zuba a kwalba mai murfi ki sa a firiji, ki cinye cikin kwana huɗu. Tana tafiya da soyayyar doya da ƙwai da safe. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.